Tambaya da Amsa: Me mutum ke nema a kogon teku mai sanyi haka?

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da sake haduwa a wannan fili. A fitowar da ta wuce mun saka hotunan masu nutso da tukunyar iska a cikin kogwannin da ke karkashin teku a tsibiran St Kilda na kasar Sikotland, toh tun daga ranar sakonni ke ta shigowa, wasu mamaki suke, wasu tsoro, wasu kuma fada suke yi wai wannan ai ganganci ne da rai. Na zabo guda 6 wadanda naga amsarsu zata amfani sauran.

Tambaya ta farko daga wani dattijo a Argungu: "Mu gidanmu su muka gada, mahaifina yana nutsewa a Matan Fada ya dade bai fito ba kuma ba ya goyon komai a baya. Su wadannan me suka fi mu? Kuma oksijin din asibiti ne a tukunyar?"

Baba Allah ya kara lafiya, a wajen rike numfashi da sanin halin ruwa babu abinda suka fi ku, da yawansu ma ba zasu iya rabin abinda mahaifinku yake yi ba. Sana'o'i biyu ne daban. Ku kuna shakar iska a sama ku tafi da ita kasa ku dawo da ita, su kuwa a can kasan suke shaka, kuma nan ne duk lissafin ya canza.

Ba oksijin din asibiti bane a tukunyar, iska ce irin wadda muke shaka yanzu haka, kashi 21 cikin 100 oksijin sauran kusan duka naitirojin, an tace ta an matse ta a silinda mai cin lita 12 har matsinta ya kai kusan ninki 200 na matsin iskar da muke ciki ko sama da haka. Tsantsar oksijin idan mutum ya wuce zurfin mita 6 da ita guba take zama, tana iya sa shi jijjiga irin ta farfadiya a cikin ruwa. Na'urar da ke rage karfin iskar ta baiwa mutum daidai yadda huhunsa ke bukata, wato regileta, wasu Faransawa biyu ne Jacques Cousteau da Emile Gagnan suka hada ta a 1943, daga nan wannan harka ta bude wa kowa.

Abinda nake so ku rike Baba shine duk mita 10 da mutum ya sauka a teku nauyin ruwan da ke danne shi yana karuwa da kwatankwacin nauyin iskar da ke kanmu a doron kasa, a mita 10 ya zama ninki 2, a mita 30 ninki 4, don haka a mita 30 silinda tana karewa da sauri ninki 4. Kuma idan ya cika huhu a mita 10 ya rike numfashi ya taso sama, iskar nan zata kumbura ta ninka girmanta a cikin kirjinsa ta yaga huhun. Shi yasa dokar farko da ake koya wa dalibi itace kada ka taba rike numfashi. Kunga kenan dabi'ar da ke ceton dan su a kogi ita ce zata halaka shi idan ya goya silinda bai koya ba, don Allah idan wani cikin jikokinku ya samu irin kayan nan a kasuwar gwanjo kada a barshi ya gwada.

Ta biyu daga wani matashi a Jos: "Mu nan mun san sanyi, hunturun Jos ba wasa bane. Sanyin ruwan can ya kai nawa da ake ta zuzuta shi?"

Kanina, ruwan tekun yammacin Sikotland yana sauka wajen digiri 7 zuwa 8 a karshen hunturu wajen watan Maris, mafi duminsa kuma a karshen Agusta zuwa Satumba bai cika wuce 13 ko 14 ba. Zaka ce ai Jos ma akan kai haka da asuba, gaskiya ne, amma ruwa yana zuke zafin jiki da sauri kusan ninki 25 akan yadda iska ke yi. Wanda ya fada irin ruwan nan da kayan jikinsa kawai, abu na farko numfashinsa ne zai kwace masa, zai ja iska da karfi ba da son ransa ba, idan kansa na cikin ruwa a lokacin toh ruwa ya ja, bayan yan mintuna hannu da kafa su daina jin magana, tun kafin ma zafin cikin jiki ya sauka kasa da digiri 35 inda hankali ke fara gushewa.

Shi yasa a can ba rigar roba mai manne jiki ake sawa ba irin wadda kake gani a hotunan Bahar Maliya. Busasshiyar riga ake sawa, wadda ruwa baya shiga ko kadan, an like wuya da wuyan hannu da roba, a ciki mutum na sanye da kayan sanyi masu kauri, akwai kuma tiyo daga silinda da ake dan hura wa rigar iska idan an sauka don kada ta matse jiki. Ita kanta rigar sai an koyi sarrafa ta, saboda idan iskar ta gudu ta taru a kafa sai ta juya mutum kai a kasa ta yi sama da shi da gudu, a cikin kogo kuwa sama dutse ne. Ga hula mai kauri ga safar hannu, duk da haka bayan minti 40 yatsu sun fara sandarewa, kuma da yatsun nan zaka bude makulli ka daure igiya ka danna bawul.

Regileta ma sanyi na kama ta. Iskar da aka matse idan ta fito tana kara hucewa sosai, a ruwan da bai kai digiri 10 ba kankara na iya taruwa a cikin na'urar ta makale a bude, iska ta yi ta zuba ba tsayawa silinda ta kare cikin dan lokaci. Don haka akwai regileta na musamman na ruwan sanyi, masu shiga kogo kuma da biyu suke tafiya kowacce da hanyarta.

Ta uku daga wata malamar makaranta a Zariya: "Ni abinda ban gane ba, wuri ga duhu ga sanyi, me zai rayu a ciki har mutum ya sha wannan wahala don ya gani? Ba a ruwan zafi kifaye masu kyau suke ba?"

Malama wallahi wannan tambayar ce tafi min dadi, don yawancinmu haka muke dauka, cewa ruwan sanyi fayau yake babu komai. Ruwan sanyi yafi ruwan zafi rike oksijin, sannan guguwar hunturu tana birkita teku ta taso da takin da ya kwanta a kasa, da bazara ta shigo rana ta yi tsawo sai kananan halittun nan da ido baya gani su yi ta hayayyafa, su ne abincin kowa tun daga kan tsutsa har kan manyan kifaye.

St Kilda tana can cikin tekun Atilantika kimanin kilomita 64 yamma da tsibirin North Uist, ragowar wani tsohon dutse ne mai aman wuta na sama da shekara miliyan 50. Mutane sun zauna a babban tsibirin Hirta shekaru aru aru suna cin tsuntsayen teku da kwansu, har ranar 29 ga Agusta 1930 da aka kwashe mutum 36 na karshe bisa rokonsu saboda rayuwa ta gagara. UNESCO ta sa wurin cikin kayan tarihin duniya a 1986, a 2004 aka fadada har da tekun da ke kewaye, kuma abinda ke karkashin ruwan na daga cikin dalilin. Bangon dutsen Conachair da ke Hirta ya haura mita 400 daga ruwa zuwa sama, kuma duwatsun nan basa tsayawa a bakin ruwa, haka suke zarcewa kasa, taguwar ruwa ta dubban shekaru ta rarake su ta yi kogwanni da ramuka masu bullewa ta daya gefen da kofofi manya manya. Babu wani kogi a kusa da ke zubo laka, shi yasa ruwan garau yake, sau da yawa mutum na hango abinda ke nesa da shi mita 20 ko fiye.

Idan kika tunkari kogo daga waje, farko dajin ciyawar teku ce doguwa mai fadin ganye da ake kira kelf, tana ta rausaya. A bakin kogon inda haske ya ragu sai ta kare, jajayen ciyayi kanana su karba, ki kara shiga kadan su ma su kare don tsiro baya rayuwa babu rana. Toh daga nan bangon ya zama na dabbobi zalla, babu mai gasa dasu wajen wuri. Kuma dabbobi ne da basa zuwa ko ina, a manne suke da dutse, ruwan da ke shiga yana fita ne ke kawo musu abinci har baki, shi yasa inda ruwa yafi karfi nan suka fi cika.

Kafin ki kunna tocila komai shudi shudi ne da toka toka saboda ruwa yana shanye jan launi tun a wajen mita 5. Kina haskawa sai bango ya kama da launi. Akwai wasu kananan anemoni, halitta ce mai taushi da baki a tsakiya da hannuwa kewaye, fadin kowacce bai wuce santimita 1 ba, kore da ruwan hoda da ja da ruwan goro, kuma da yake rabuwa biyu suke yi su hayayyafa sai kiga fili guda duk kala daya, yana karewa wata kalar ta dauka, dubbai a jere babu inda zaki sa yatsa. Ga murjani mai laushi fari ko ruwan lemo yana fitowa curi curi, ga soso iri iri rawaya da fari a shimfide akan dutse, wanda shi ma dabba ne mai rai yana zukar ruwa yana tace abinci. A cikin tsaguwar dutse akwai kaguwa, akwai lobsta wadda mutane suka sani ja a faranti alhali da ranta shudiya ce mai duhu, akwai konga wani kifi mai jikin maciji da ke iya kai mita 2 yana leko kai daga rami. Can kuryar kogon kuma inda ruwa ke jujjuya manyan duwatsu lokacin guguwa, bango a goge yake tas, sai dan abinda ba a rasa ba.

Ni a ganina Malama, wanda ya taba haska bangon nan da idonsa ba zai sake cewa wahalar banza bace. Halitta ce Allah ya kawata ta haka a inda babu rana babu mai kallo, kuma kafin 1943 yan adam kalilan ne suka taba ganinta a inda take.

Ta hudu daga wani dan kasuwa a Maradi: "Kifin shak baya cinye su? Sannan mu mun san kogo da ruwa mazaunin aljanu ne, basa tsoro?"

Alhaji maganar aljanu mun yi imani da samuwarsu, kuma musulmi duk inda zai shiga yayi bismillah yayi azkar dinsa. Shak kuma babban da ake gani a yammacin Sikotland da bazara shine na biyu a girma cikin kifayen duniya, yana iya kai mita 8, amma baki kawai yake budewa yana tace kananan halittu, ba ruwansa da mutum. Abinda yafi damun masu nutso ma wani jelifish ne, halitta mai taushin jiki da ke yawo a ruwa, mai dogayen gashi da ke harbi a lebe inda fata take a bude.

Abinda ke kashe mutane a kogo an san shi, kuma kusan kullum abu daya ne ke maimaita kansa. A budadden ruwa idan matsala ta taso sama zaka yi, a kogo akwai rufi, sai ka koma ta inda ka shigo komai nisa. Saboda haka iskar silinda kashi 3 ake raba ta, kashi daya na shiga, daya na fitowa, daya ba naka bane na abokin tafiyarka ne idan tashi ta kare, kuma da kashin farko ya kare juyawa ake yi ko me ake hangowa a gaba. Ana daure igiya tun daga waje a rika warware ta ana shiga, saboda idan kafar wani ta tada laka ko tocila ta mutu, cikin dakika kadan ko hannunka baka gani, igiyar nan da ka rike ita kadai ta san hanya. Tocila 3 kowa ke dauka. Mutane sun mutu da iska ta kare musu alhali tsakaninsu da kofa yan mitoci ne, sun rasa ta ne kawai a cikin duhu.

Kogon teku kuma yana da nasa sharrin da na tudu bashi da shi. Taguwar da ta taso daga tsakiyar Atilantika idan ta shiga wuri mai kunci karfinta karuwa yake, ta kwashe mutum tayi gaba da shi mita da yawa ta dawo da shi ta buga da bango, kuma a sama kana iya ganin teku kamar a kwance. Direban jirgin da ya san aikinsa sai ya duba iska da lokacin cika da janyewar ruwa, idan yace yau ba a shiga toh ba a shiga, mutane na biyan kudin mako guda su tafi St Kilda yanayi ya hana su ko isa.

Sai ciwon tasowa da sauri. A kasa naitirojin yana narkewa ya shiga jini da tsoka, idan ka taso a hankali yana fita ta numfashi, idan ka taso da gudu sai yayi abinda lemon kwalba ke yi idan an girgiza an bude, kumfa a cikin jini da gabobi da lakar gadon baya, yana kawo ciwon gabobi ko shanyewar jiki ko mutuwa. Sanyi na kara hadarin saboda jini baya zagayawa sosai a jikin da ya dau sanyi. Shi yasa ba a wuce kamar mita 9 zuwa 10 a minti daya wajen tasowa, a tsaya a mita 5 na minti 3. Maganinsa dakin matsin iska ne da ake sa mutum a ciki, daga St Kilda kuwa sai an nemo jirgi mai saukar ungulu kafin a kai ga irinsa.

Ta biyar daga wata daliba yar Kano da ke karatu a Newcastle: "Yaya ina sha'awa sosai amma ina tunanin sutura, kuma ban san ta ina zan fara ba."

Kanwata ta bangaren sutura busasshiyar rigar nan tun daga wuya har tafin kafa take rufewa kuma da kayan sanyi a ciki bata bayyana siffar jiki, hular ta rufe gashi da wuya. A wurin koyo na farko ne da ake yi a kwamin wanka zaki nemi kayan iyo masu rufe jiki, ki kuma tambaya ko akwai mace mai koyarwa. Kungiyar masu nutso ta Birtaniya BSAC, wadda aka kafa a 1953, tana da rassa a jami'o'i da yawa kuma ta nan yafi sauki ga dalibi.

Amma kafin komai ki san jininki. Mai cutar sikila baya nutso da silinda, sanyi da karancin ruwa a jiki da karancin oksijin duk suna tada ciwon, wanda yake AS ma ya fada wa likitan masu nutso kafin ya fara. Wannan abu ne da ya shafe mu sosai kuma mai koyarwa a can ba lallai ya tuna ya tambaye ki ba. Haka asma, farfadiya, ciwon zuciya, duk sai likita ya duba, mai juna biyu kuma bata yi sam. Ban baki shawarar nutso da azumi a baki ba saboda kishirwa na kara hadarin kumfar nan. Kuma idan zaki taho gida hutu ki bar kwana daya cur tsakanin nutso na karshe da hawa jirgin sama.

Kogo kuma ki cire shi a ranki tukunna, sai kin kware a budadden ruwa kin saba da rigar kin yi kwas dinsa daban. Kusa dake akwai tsibiran Farne, ana tashi daga garin Seahouses, inda dabbar sil take da yawa, mai shayarwa ce mai gashin baki da manyan idanu, namijin yana iya kai kilo 300, kuma fiye da kashi daya cikin uku na wannan nau'in a duniya a Birtaniya suke. Kananan su ke zuwa da kansu su ja miki takalmin iyo, ke dai kada ki kai hannu don hakoransu ba na wasa bane, kuma da kaka lokacin haihuwa a basu wuri. Gaba kadan bayan an shiga Sikotland akwai St Abbs, can akwai wata kofar dutse a karkashin ruwa mai hawa biyu da haske ke ratsa ta ko ina, irin wurin da ya dace da mai koyo kenan.

Ta karshe daga wani makanike a Kumasi: "Naji ance akwai inda iska ke taruwa a rufin kogo, mutum zai iya cire abin baki ya shaka?"

Maigida kada ya cire. Idan wurin a bude yake da sararin waje ta wata kafa toh iska ce mai kyau, amma aljihun da ke rufe ruf ba ka san me ke ciki ba, wata iskar da masu nutso suka fitar ce ta taru, wata kuma rubewar ciyawa ta cinye oksijin dinta, shaka biyu uku mutum ya suma ba tare da yaji alamar komai ba.

Nasan abinda yasa mutane ke wannan tunanin, labarin Harrison Okene ne, kukun jirgin Jascon 4 da ya kife a tekun Najeriya a watan Mayun 2013. Ya rayu kusan awa 60 a wani dan aljihun iska a zurfin kimanin mita 30 har masu nutso da suka zo daukar gawa suka same shi da rai, shi kadai ya tsira cikin mutum 12. Iskar dakin jirgi ce da ta makale lokacin da ya kife, kuma ruwan ma na yankinmu ne mai dumi, duk da haka sanyi ya kusa gamawa da shi. Da aka same shi kuma ba a fito da shi sama kai tsaye ba saboda jikinsa ya sha naitirojin na kwana biyu da rabi, ta cikin kararrawar masu nutso, wani dan dakin karfe da ake saukarwa cikin ruwa, aka dauko shi aka sa shi a dakin matsin iska ya kara wasu kwanaki ana rage matsin a hankali kafin ya fito.

Masu tambaya akan aikin nutso na kamfanonin mai a tekun arewa na Turai da kudin da ake samu, sakonninku sun iso, su zamu dauka a fitowa ta gaba in sha Allahu.